Zaman Talata: Yadda Na Samu Sauƙin Ciwon Fargaba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a Damagaram ya san nauyin da ke cikin wannan. A unguwar Zango aka haife ni. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, fataucin atamfa da shadda yake yi tsakanin Kano da Kasuwar Dole. Mutum ne mai ƙarancin magana, ko ba shi da lafiya ba za ka ji a bakinsa ba, sai dai ka ga ya rage cin abinci. Yakan ce mana ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mahaifiyata kuwa, saboda alkunyar ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta zaman hira da ni. Na san tana ƙaunata, amma ƙaunar ta hannun ƙannena take isowa: a miƙo mini fura, a ce Inna ta ce ka sha. Haka na girma tsakanin mutum biyu da nake so, babu wanda zan iya tunkara in ce masa tsoro nake ji.

Tsoron kuwa yana nan tun ina ƙarami. Idan Baba ya tafi Kano ya wuce ranar da ya ce zai dawo, barci ya ƙaurace mini ke nan. Lokacin babu salula. Ina kwance ina bin hanyar a raina: yanzu sun bar Daura, yanzu suna Kwangwalam, sun ƙetaro Ɗan Barto, sun shigo Matamaye. Idan gari ya waye ban ji sallamarsa ba, to a zuciyata mota ta riga ta kife. Da rani, lokacin da famfunan gari ke ƙafewa muna yawon neman ruwa, nakan tashi cikin dare in leƙa randa. Manya suna yabona, suna cewa yaron nan akwai lura da hangen nesa. Babu wanda ya ɗauka ciwo ne ke tsirowa, har ni kaina.

Baba ya rasu a 2018. Ya bar mini shago, da iyaye mata biyu, da ƙanne da ke karatu, ga nawa iyalin. Ina cikin koyon tsayuwa da ƙafafuna sai Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019. Wanda bai san kasuwancinmu ba ba zai gane abin da hakan ya yi mana ba. Kayan Kantin Kwari bisa amana muke ɗaukarsu, ka sayar ka kai kuɗi, kuma amanar da nake ci ta sunan Baba ce. Kaya suka daina shigowa sai ta ɓarauniyar hanya a kan babura, da tsadar da ba a fita. Waɗanda nake bi bashi suka daina ɗaga waya, masu bina kuwa ba su daina kira ba. Na fara farkawa tun kafin kiran assalatu, gabana na faɗuwa, ina ta jujjuya lissafin da na riga na san amsarsa.

Wata Juma'a cikin hunturun wannan shekarar, ina tsakiyar sahu, liman ya kabbarta, sai na ji ƙirjina ya ɗaure. Bugun zuciyata har cikin kunnuwana. Numfashi ya ƙi sauka, yatsuna suka yi sanyi suna tsikari, gumi ya jiƙa mini riga alhali ana ɗari. Abin da ya zo mini shi ne ajali ya iso. Dama mutane, hagu mutane, ba hanyar fita sai na tsallake bayin Allah. Ban san yadda na kai sallama ba. Wani maƙwabcinmu ne ya ɗora ni a babur ya kai ni gidan likita.

An auna jinina, an duba zazzaɓin cizon sauro, an saurari zuciya. Aka ce ba ni da komai. Masu lafiya suna ɗauka wannan magana albishir ce. Ga mai irin ciwona kuwa ƙarin tashin hankali ce, domin abin da na ji a masallaci ba mafarki ba ne. Sai na yanke cewa cutar ta ɓuya ne, ba su gano ta ba. Na riƙa sauya wurin awo, ina zubar da kuɗin da ba ni da su.

Dangi suka shigo da nasu bayanin. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa ne daga abokan kasuwa tunda na gaji shago. Aka yi mini ruƙiyya, na sha rubutu, aka turara ni da hayaƙi iri-iri. Ba na raina karatun Alƙur'ani, Allah Ya kiyaye. Har gobe shi ne abin da ya fi sanyaya mini rai. Amma na ga masu cin kasuwa da tsoron mutane. Akwai wanda ya karɓi jaka talatin ya kuma so ya nuna mini wanda ya yi mini asiri a cikin danginmu. Na tashi na bar masa wurin. A wannan tsakanin ne wani mai tallar magani a tebur ya ba ni wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi, ya ce na barci ne. Sun sa ni barci kuwa. Bayan ɗan lokaci guda ɗaya ta daina isata.

Abin da ya fi ci mini rai idan na tuna shi ne yadda duniyata ta riƙa ƙanƙancewa ba tare da na lura ba. Na daina shiga tsakiyar sahu, sai bakin ƙofa, daga baya ma sai waje a kan tabarma. Ranar Alhamis, da Kasuwar Dole ke cika, wadda ita ce ranar cinikinmu, nakan bar wa ƙanena shago in ce kaina ke ciwo. Aka buɗe iyaka a watan Disamba na 2020, ƴan kasuwa suna murna, ni kuwa ko tasha ba na iya zuwa. Ɗaurin aure, suna, jana'iza, duk na riƙa aika uzuri, har mutane suka fara cewa girman kai ya shige ni.

Wuri ɗaya ne ban daina zuwa ba, fadarmu. Kowane dare muna bakin titi, butar shayi a kan gawayi, a sha na farko, a sha na biyu, a sha na uku, ana gardamar ƙwallo da siyasa da farashin Naira. Abokaina ne tun na yarinta, za su iya ba ni rigar jikinsu. Amma a fada ana zancen komai ban da abin da ke cin mutum. Wani dare na gwada, na ce ni fa kwanakin nan gabana yawan faɗuwa yake. Wani abokina ya ce, "Haba ɗan'uwa, namiji da faɗuwar gaba? Ka ƙara tawakkali kawai." Da alheri ya faɗa, na sani. Amma na koma gida da sabon kaya a kan na da: ashe ban da ciwo, imanina ma da rauni. Wannan tunanin ya fi bugun zuciyar azaba.

Maiɗakina ce ta yanke abin. Ita ke ganin daren da babu wanda ke gani. Wata rana bayan yara sun kwanta ta ce, "Maigida, na yi shiru na gaji. Abin nan da ke damunka na ji an yi bayaninsa a rediyo, kuma na tambayi yayata da ke aikin jinya. Ta ce ciwo ne sananne, akwai masu duba shi." Da ta faɗi ɓangaren da za mu je, raina ya ɓaci. A garin nan kowa ya san wa ake kaiwa can: wanda ya fita tsirara, wanda aka ɗaure da mari. Na ce mata idan aka gan ni a wurin, wa zai ƙara ba ni kaya bashi, wa zai nemi auren ƴaƴana gobe? Ta ce, "Yanzu ma ai ba ka zuwa ɗaukar kayan." Ban samu amsa ba. Muka tafi da sassafe, na ja rawani na rufe rabin fuskata.

Ma'aikacin jinyar da muka tarar, wanda kowa ke kira Majo, bai yi gaggawar rubuta magani ba. Ya yi ta tambaya: yaya barci, kofi nawa na shayi nake sha a dare, ina cin goro, me nake haɗiya don in yi barci, ko na taɓa jin gara in mutu in huta. Babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar ta ƙarshe, kuma da na amsa masa gaskiya bai zaro ido ba. Ya tura ni awon ƙarancin jini da na ƙullin maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo, domin ya ce su ma suna iya kawo bugun zuciya irin wannan. Da sakamako ya fito lafiya, sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

Ya ce Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da shirin ko-ta-kwana. Idan ka ci karo da maciji, jiki yakan saki wani sinadari da ake kira adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, domin ka tsere ko ka kare kanka. Ya ce, "Alhaji, mai gadin gidanka ne ya cika firgita, ko iska ce ta kaɗa ƙyaure sai ya kwarma ihun ɓarawo." Saurin numfashin ne ke rage wata iska a cikin jini, shi ke kawo jiri da tsikarin yatsu. Kai kuma ka ji haka ka ce mutuwa ce, tsoro ya ƙaru, jiki ya ƙara sakin sinadarin. Ya ce irin wannan farmakin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya sauka da kansa, ko ka gudu ko ba ka gudu ba. Ƙwayar mai tebur kuwa ya ce diyazefam ce, jiki na sabawa da ita, kuma yanke ta farat ɗaya na da haɗari, sai a hankali ƙarƙashin kulawarsa. Likita ya rubuta mini wani maganin na kullum, aka gargaɗe ni cewa sai ya yi makonni kafin in ga amfaninsa. Ina shirin tashi Majo ya ce, "Akwai wasu maza da ke haɗuwa nan ranar Talata bayan La'asar. Irin ciwonku ɗaya. Ka zo ka zauna, ba dole ka yi magana ba."

Na so in ƙi. Sirrin da na ɓoye wa abokan yarinta, shi zan kwance a gaban baƙi? Amma bayanin da ya yi mini ya sa na yarda da shi, sai na je.

A wata rumfa ce bayan ginin, an shimfiɗa tabarmi. Ba mu kai goma ba. Akwai wani dattijo tsohon soja, da ɗalibin jami'a, da matashi ɗan kabu-kabu, da wani da ya dawo daga Libiya, da wani malamin makarantar allo wanda na sani da gani, har na taɓa bin sa salla. Da muka haɗa ido da malamin kunya ta kama ni, shi kuwa ya matsa ya ba ni wuri. Majo ya maimaita ƙa'idoji saboda ni: abin da aka faɗa a rumfar nan a nan yake kwana, ba a katse mai magana, ba a yi wa kowa wa'azi ko dariya, ba a ba wani maganin da aka rubuta maka, idan kun haɗu a gari, ku gaisa kamar kowa, kada wani ya ce ga inda ya san wani.

Ɗan kabu-kabun ne ya fara. Ya ce ranar Asabar yana ɗauke da fasinja abin ya taso masa a tsakiyar titi, hannuwansa suka mutu a kan babur, ya ji kamar ba shi ne a jikinsa ba, ya tabbata yau zai faɗi. Ya ce abin da ya fi tsoro ba mutuwar ba ce, a ce ya haukace a gaban jama'a. Ina zaune ina jin wani yaro da ban taɓa gani ba yana karanto abin da ke cikin zuciyata, har da wanda ban gaya wa maiɗakina ba. Majo ya riga ya ce mini ciwon na da yawa, na kuma yarda da shi da kai. Amma ranar ce zuciyata ta yarda. Ban ce uffan ba har aka tashi. A hanyar gida hawaye suka riƙa zubo mini, kuma ba na baƙin ciki ba ne.

Sai a zama na gaba na buɗe baki, kuma abin da ya fito shi ne zancen tawakkali. Na ce ina tsoron ko Allah Yana fushi da ni ne, tunda mumini bai kamata ya riƙa firgita haka ba. Malamin ya nemi izini ya amsa. Ya ce, "Alhaji, ni na haddace Alƙur'ani tun ina saurayi, yara nake koyarwa, ga ni nan kusa da kai a tabarma ɗaya. Annabi Musa, alaihis salam, ya ji tsoro a ransa ranar da ya fuskanci matsafan Fir'auna, Allah bai kore shi ba, ce masa Ya yi kada ka ji tsoro. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki a addu'arsa. Mai ciwon suga ba a ce masa imaninsa ne ya yi rauni." Da a kan mumbari na ji wannan, da na ce malam bai san abin da nake ji ba. Amma wanda ya faɗa mini, hannunsa na rawa irin nawa.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman koke-koke muke yi. Aiki ake yi. Mukan fara da numfashi: a ja iska a hankali ta hanci har ciki ya taso, a sake ta a hankali fiye da yadda aka ja, na ƴan mintoci. Majo ya nace mu riƙa yin sa kullum lokacin da muke lafiya, domin ranar da abin ya taso jiki ya riga ya iya. Daga nan kowa ya ba da labarin aikin da ya ɗauka makon jiya, sannan ya ɗauki sabo. Aikin shi ne ka tunkari abin da kake gudu, kaɗan-kaɗan, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Dalili kuwa, duk ranar da ka kauce wa wuri ka ji sanyi, ƙwaƙwalwa takan rubuta cewa gudun ne ya cece ka, gobe tsoron ya ƙaru. Idan ka tsaya har abin ya hau ya sauka, sai ta fara koyon cewa babu abin da ya faru.

A nan ne na ga abin da taro ke yi wanda magani ba ya yi. Alkawarin da na yi wa kaina ni kaɗai cikin dare, da safe nakan warware shi. Wanda na yi a gaban mutanen rumfa kuwa, na san Talata na zuwa za a tambaye ni, kuma masu tambayar sun san nauyinsa. Aikina na farko shi ne in yi sallar Magariba a cikin masallacin unguwa, sahun baya, ba a waje ba. A gida ko a fada wa zan gaya wa wannan a matsayin nasara? Da na faɗa a rumfa, tsohon sojan ya miƙo mini hannu ya ce, "Madalla, ɗana." Shi ne kuma ya ce zai raka ni Juma'a. Ya zo har ƙofar gida, muka shiga sahu tare, kafaɗarsa a jikin tawa. Abin ya taso mini a raka'ar farko, ƙafafuna suna rawa, na tsaya. Kafin a yi tahiya ya fara sauka. Bayan sallama na ce, "Baba, ya zo fa." Ya ce, "Na ji shi a kafaɗarka. Ya kuma tafi."

Daga masallaci sai kasuwar Alhamis, da farko da sassafe kafin a cika, daga baya har tsakar rana. Sai mota: na fara da Mirya, na ƙara zuwa Matamaye, na kwana na dawo. Akwai makon da na kasa, na sauka daga mota tun kafin ta bar tasha. Na je rumfa kaina a sunkuye, sai ɗalibin ya ce ai zuwa tashar ma bara ba ka iya ba. Aka rage mini aikin, na sake hawa. Ranar da na shiga Kantin Kwari, dattijon da ke ba Baba kaya ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Shayin dare kuwa na rage shi sosai, na koma na'a-na'a da citta, goro ma na bari, domin abin da ke cikin shayi da goro mai hana barci yana ƙara bugun zuciya. Ina zuwa fada har yanzu, na uku kawai nake karɓa.

Zaman yana da nasa matsalolin, kuma wanda zai kafa irinsa gara ya san su. Ɗan'uwanmu da ya dawo daga Libiya, labaran wasu suna tayar masa da abin da ya gani a can, ya koma gida ya kasa barci. Majo ya janye shi ya riƙa ganinsa shi kaɗai, sai daga baya ya dawo cikinmu. Wani ya ji sauƙi ya ajiye maganinsa ba da sanin likita ba, yana cewa zaman ya ishe shi. Ciwon ya dawo masa da ƙarfi. Mun buɗe zauren WhatsApp, sai ya zama kowa abin ya taɓa shi cikin dare ya rubuto yana neman a tabbatar masa ba mutuwa zai yi ba. Majo ya nuna mana cewa wannan ma wani salon gudu ne, sauƙinsa na ɗan lokaci ne, muka taƙaita zauren ga sanarwa da larura ta gaske. Rance ma mun hana a tsakaninmu, don kada wanda ake bi bashi ya daina zuwa.

Mafi muni shi ne ranar da magana ta fita. Wani a cikinmu ya ba matarsa labarin wani, ita ta kai gidan biki, labari ya zagayo. Makonni rumfar ta zama kusan wayam, waɗanda suka zo ma bakinsu a rufe. Damagaram gari ne babba, amma kowa ɗan'uwan wani ne ko surukinsa. Sai da wanda ya yi ya zo ya nemi gafara a gaban kowa, wanda aka yi wa ya ce ya yafe, sannan a hankali aka dawo. A ganina taron da ba zai iya riƙe amana ba gara kada a fara shi, domin mai fargaba da aka tona wa asiri ba zai sake buɗe baki ba, ko a gaban likita.

Mata suna da tasu ranar daban, kuma sun fi mu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce ciwon ya fi kama mata. A ƙididdigarta mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya a 2019, kuma kusan mutum 1 cikin 4 ne kawai ke samun magani. Idan na tuna yawan matan da ke cikin gidajen Birni da Zango da Garin Malam, waɗanda ake cewa masu iska ne, da samarin da ke danne nasu da tiramol, nakan ce a wurinmu masu samun maganin ba su kai haka ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasarmu ƴan kaɗan ne, akasarinsu a Yamai. Shi ya sa tun 2008 hukumar ta fito da shirin horar da ma'aikatan lafiya na gama-gari su iya gane irin waɗannan cututtuka su kula da su. Mutum ɗaya mai horo, da rumfa, da tabarma, ya duba mutum goma a zama guda.

An gwada sauƙin da na samu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Irin abin da ya kayar da ni a 2019 ne ya dawo, har da ƙari. Farkawar asuba ta dawo, lissafi ya dawo. Bambancin shi ne wannan karon tun makon farko na faɗa a rumfa, aka taya ni raba abin da ke hannuna da wanda ba ya hannuna. Na kira masu bina bashi da kaina kafin su kira ni, na karkata ga kayan da ake samu a gida har aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024. Daminar wannan shekarar kuma ruwa ya yi ɓarna, gidajen ƙasa suka riƙa zubewa, har tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba. Duk hadarin da ya haɗu, sai in kwana ina zagaya katanga da fitila. Da na ba da labari, malamin ya ce shi ma haka. Muka yi yarjejeniya: a gyara abin da ke buƙatar gyara da rana, a duba sau ɗaya kafin kwanciya, shi ke nan. Wasu dararen na cika alkawarin, wasu na kasa.

Yau ina shago, ina zuwa Kano, ina salla inda sahu ya same ni. Likita ya rage mini magani a hankali har muka ajiye shi. Ban warke irin warkewar zazzaɓi ba. Abin yakan leƙo, musamman idan barci ya yi mini ƙaranci ko kasuwa ta tsaya, amma na san shi, ya daina yanke mini inda zan je. Abokin nan nawa na fada da ya ce in ƙara tawakkali, bara ya ja ni gefe ya tambaye ni wurin da na je, saboda ƙanensa. Na raka su da kaina.

Ga wanda ya ji kansa a cikin labarin nan, ya fara da gidan likita, a duba jikinsa tukuna, domin ciwon ƙirji da bugun zuciya wani lokacin na zuciyar ne da gaske. Idan an ce lafiya lau kuma abin bai bari ba, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya kalmar da ke bakinsa: tsoro nake ji, ba na barci, na daina zuwa wurare. Ya tambaya ko akwai zama irin namu. Wanda kuma tunanin kashe kansa ya fara zo masa, kada ya jira wata Talata, ya gaya wa wani yau, a kai shi.

Damuwarmu ta yanzu ita ce mutanen ƙauye. Akwai wani manomi da ke zuwa daga wajen Mirya, kuɗin mota ya sa sai ya tsallake makonni, kuma ya ce a garinsu ya san mutum uku masu irin ciwon da ba za su taɓa shigowa birni ba. Mun roƙi Majo ya koya wa biyu daga cikinmu yadda ake jan zaman, mu riƙa zuwa can ranar kasuwarsu, tare da ma'aikacin lafiyar wurin. Ya ce zai yi magana da na sama da shi. Ni da malamin mun ba da sunayenmu, muna jiran amsa.